Minti Ɗaya Don Lorna

Shekara ashirin da takwas Royce Tackett ya yi yana mutuwa a madadin Vance Corrigan. In labarin fim ya ce a harbe jarumi ya faɗo daga saman bene, ko doki ya ja shi a ƙasa, ko mota ta kife da shi, sai Vance ya koma ɗakinsa mai sanyi ya miƙe ƙafa, a sa wa Royce irin rigarsa da irin gashinsa ya je ya faɗo. Tsayinsu ɗaya, faɗin kafaɗarsu ɗaya, fuska ce kawai Allah ya bambanta, kuma a Hollywood fuskar ake saye. Duniya ta san Vance da bindiga a kowane hannu. Royce kuwa ƙeyarsa ta sani, ba ta ma san ta sani ba. Bai taɓa jin haushin haka ba. Yana da gidansa a Simi Valley, da tsohuwar motar ɗaukar kaya, da ƙusoshin ƙarfe tara a ƙashinsa, da matarsa Lorna.

A watan Nuwamba aka kashe Lorna. Ranar wata Talata da hantsi ta shiga kanti sayen lemo, wani mutum ya shigo da bindiga ya harbe mutum shida. Kwana huɗu talabijin yana nuna hoton wanda ya yi kisan, da sunansa, da makarantar da ya yi, har da maƙwabcinsa yana cewa ai mutum ne mai shiru-shiru. Waɗanda aka kashe kuwa sunansu ke nan, mutum shida. Wannan ya fi komai ƙona ran Tessa, 'yarsu tilo, ma'aikaciyar jinya, wadda ta gaji bakin uwarta kaf.

Mako biyu da rasuwar, wani mai laushin murya ya bugo daga ƙungiyar masu kare 'yancin riƙe bindiga, wadda Royce yake da katinta tun yana saurayi a Oklahoma. Ya yi gaisuwa mai kyau, sannan ya ce ko Royce zai zo taronsu ya faɗa wa jama'a cewa da Lorna tana da ƙaramar bindiga a jaka, da yanzu tana raye.

"Lorna ko makullin mota take nema a jakar nan, sai ta zazzage ta a kan tebur," in ji Royce. Ya ajiye wayar.

A Janairu sai ga kiran Vance.

"Tsoho, kana nan da ranka?" Haka yake kiransa, alhali Vance ɗin ne ya girme shi da shekara uku, likitocin gyaran fuska ne suka rufa masa asiri. "Muna haɗa wani ɗan gajeren hoto, ni da wasu jarumai, a kan a tsaurara dokar bindiga. A bikin ba da kyaututtukan fim za a nuna, ƙasar nan duka tana kallo. Na ce musu ni ina da mutumin da abin ya taɓa. Minti ɗaya naka ne, ka yi magana a kan Lorna."

Royce bai iya magana a gaban mutum biyar ba, balle miliyoyi. Tessa ce ta tsare shi a ɗakin girki.

"Baba, ka yi mini alkawari kai za ka faɗa. Ba wani mai hoda a fuska ba. Ka faɗi sunanta da bakinka, su ji cewa mutum ce."

"To in na ruɗe fa?"

"Ka ruɗe ɗin. Ita ma ai da ruɗewarka ta aure ka."

Ya yi mata alkawari. Mako guda ya yi yana rubutu a bayan wata ambulan yana sokewa.

Ranar ɗauka aka zaunar da shi a doguwar kujera gaban farin bango. Paige Lindell, wadda ke kula da sunan Vance a idon jama'a, tana tsaye gefe da waya biyu a hannu. Darakta ya ce a fara. Royce ya buɗe baki, sai kansa ya juya gefe da kansa.

"Mista Tackett, nan za ka duba, cikin gilashin kyamarar," in ji daraktan.

Aka sake. Ya kai jimla ta biyu, haɓarsa ta sauka, kafaɗa ta taso ta rufe kunci. Abin da aka koya masa ke nan tun ranar farko: in kyamara ta ga fuskarka ka ɓata aikin yini guda. Jikinsa ya riƙe darasin fiye da yadda ya riƙe sunansa. Sau goma sha ɗaya ana sakewa, ma'aikata suna duban agogo a fakaice, shi kuma kunya kamar ya nutse. A na goma sha biyu ya kama gefen kujerar da hannu biyu ya kafe wuyansa.

"Sunanta Lorna Tackett," ya ce. "Shekara goma sha tara tana tuƙa motar 'yan makaranta. Ta san sunan kowane yaro, da wanda ba ya karya kumallo a gida. Ba ta iya waƙa ba, kuma ba ta daina ba. Ni sana'ata faɗuwa ce, an harbe ni a fim ya fi sau ɗari uku. 'Yan sanda sun nuna mini hoton kantin. Ashe duk ƙarya muke yi. Mutum ba ya tashi sama ya watsa hannu. Zama kawai ta yi a ƙasa, kamar wadda ta gaji, ba ta ko saki ledar lemon ba." Sannan ya ƙara abin da babu shi a ambulan. "Ina da bindiga huɗu a gida, biyu na ubana ne. Ban san me zan yi da su ba. Ban san abin da ya kamata a yi ba. Na dai san sunanta Lorna."

Mai riƙe fitila ta share ido da bayan hannu. Royce ya fita ya kira Tessa daga cikin mota ya ce ya yi, kuma tun Nuwamba bai ji sauƙi a ƙirjinsa irin na ranar ba.

Saura kwana uku bikin, Vance ya gayyace shi cin abincin rana. A bakin ƙofar gidan masu gadi biyu suka duba motarsa, kowanne da tudun bindiga a ƙarƙashin kwat. Ba wanda ke ganin abin dariya a irin wannan a unguwar, don haka shi ma bai gani ba. Aka kawo gasasshen kifi da ganye a bakin kwamin wanka. Paige tana wurin, nan ya sha jinin jikinsa.

Ta tura masa waya. Hotonsa ne na shekara shida baya, ya durƙusa kusa da barewar da ya harbo, da bindiga a cinya, yana washe haƙora.

"Wannan yana nan a shafin wani abokinka," ta ce. "Ga katin ƙungiyar nan. Ga kuma abin da ka faɗa a ƙarshe, wai ba ka san abin da ya kamata a yi ba. Mista Tackett, maganarka ta sa ni kuka, na rantse. Amma mu saƙo ɗaya muke so ya fita. In wancan ɓangaren suka samu wannan, kafin gari ya waye sun mai da kai nasu, mu kuma sun mai da mu abin dariya."

"Sai ku yanke ƙarshen."

"Hoton fa? Shi ba ya yankuwa."

Vance ya dafa masa kafaɗa. "Tsoho, ka san garin nan. Kalmominka ba za a taɓa su ba, ni zan faɗe su. In daga bakina suka fito kowace jarida sai ta ɗauka. Kai wa ya san ka? Ba zagi ba ne, ni ma na sani da ba ka nan da tuni ina keken guragu."

Akwai abin da ba a faɗa ba a teburin, kuma kowa ya san shi. Sabon fim ɗin Vance zai fito da bazara, a cikinsa yana harbe mutum sittin da wani abu, kuma 'yan jarida sun fara yi masa tambayoyin da ba ya so. Yana bukatar a gan shi yana hawaye a kan bindiga kafin a gan shi yana rawa da ita.

Da Royce ya tashi ya tafi, da ba abin da zai faru sai ɓacin rai. Amma tsoro ya ji. Ya ji tsoron in ya ƙi, minti ɗayan zai tafi gaba ɗaya, ba wanda zai ji labarin Lorna ko daga bakin wa. Ya ji tsoron zaman gida shi kaɗai ba aiki, yana da shekara hamsin da bakwai, ga samari masu sabon ƙashi suna jiran gurbinsa. Fiye da duka, bai taɓa ce wa Vance a'a ba, bai san ta inda ake farawa ba.

"Sunanta dai," ya ce. "Ka faɗi sunanta."

"Haba, tsoho. Lorna fa? Matar da ta yi mini kek sau nawa?"

Paige ta miƙo takarda, ya sa hannu. A hanya ya ɗauki waya sau uku zai kira Tessa, sau uku yana mayarwa.

Ranar Lahadi da la'asar Tessa ta zo da kaji soyayyu da dankali. Ta gaya wa duk ma'aikatan asibitinsu su kalla, da direbobin da uwarta ta yi aiki da su, da 'yan'uwa a Oklahoma. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa kamar lokacin tana ƙarama. Shi kuwa bai taɓa abincin ba. Yana ta cewa a ransa bari wannan tallar ta wuce ya faɗa mata, har aka rage fitilun zauren bikin.

Jarumai suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya a gaban farin bango, ba kwalliya, irin rashin kwalliyar da ake awa biyu ana yi. Sai ga wani mutum a doguwar kujera, an ɗauko shi ta baya, kansa a sunkuye. Tessa ta kama gwiwar ubanta.

"Ga ka nan, Baba."

Muryar Vance ce ta fito. Hoton ya narke ya koma fuskarsa, ido ya kawo ruwa daidai gwargwado.

"Matar wani abokina direbar motar 'yan makaranta ce. An harbe ni a fim ya fi sau ɗari uku. Ashe duk ƙarya muke yi. Zama kawai ta yi a ƙasa, kamar wadda ta gaji, ba ta ko saki ledar lemon ba."

Shi ke nan. Aka wuce kan wata mawaƙiya. Zauren ya miƙe tsaye ana tafi, kyamara ta nemo Vance a layin gaba ya dafe ƙirji.

Tessa ta janye hannunta a hankali. Ba ta juyo ba.

"Ka sani?"

"Na san shi zai faɗa. Ya ce zai faɗi sunanta."

"Tun yaushe?"

"Alhamis."

Wayarsa ta yi ƙara a kan tebur, sunan Vance ya fito. Da ya bar ta ta gaji ta yi shiru. Amma hannunsa ya riga shi, kuma ɗakin shiru ne, Tessa tana jin komai.

"Tsoho, ka gani? Mutane kuka suke yi a nan. Sunan ne aka ce a cire, daƙiƙa arba'in kawai suka ba ni, na yi faɗa har na gaji. Amma ya ka gani? Gaya mini gaskiya, ka san ra'ayinka nake ji."

Royce ya dubi bayan 'yarsa. Yana da abin faɗa cike da baki, na shekara ashirin da takwas.

"Ya yi kyau," ya ce. "Ka yi ƙoƙari."

Da ya ajiye wayar, Tessa ta riga ta miƙe. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta shiga ɗakin kwanan iyayenta, ya ji ta buɗe kabad. Ta fito rungume da 'yar tukunyar tagullar da tokar gawar Lorna ke ciki tun da aka ƙona ta bisa al'adarsu, ta naɗe ta da rigar sanyinta.

"Tessa, ina za ki kai ta?"

"Gidana."

"Nan ne gidanta."

"Na sani, Baba." Ta ƙara rungume tukunyar. "Abu ɗaya na roƙe ka. Yadda ta mutu, kai kaɗai aka nuna wa, ni ko gani ban yi ba, ka ɗauka ka ba shi ya je ya karɓi tafi. Wannan ce ta rage, ba zan bari ita ma a zo a roƙe ka ba."

Ya bi ta har bakin ƙofa, ya san gaskiya ta faɗa. Ta ajiye tukunyar a kujerar gaba, ta ja bel ta ɗaura mata, ta zagaya ta shiga. Yana tsaye ba takalmi har motar ta sha kwana, sannan ya koma ciki. Ba a gama bikin ba, ana kiran sunayen waɗanda suka fi iya haɗa sauti.