Likitan Minti Uku

Malamarmu ta aikin jarida ta raba mu rukuni-rukuni don rubuta sharhin fim. Wasu za su rubuta wa iyaye, wasu yara. Ni aka ba ni matasa masu karatu a waya.

"Ku san wanda kuke yi wa magana," in ji ta. "Matasa ba su da haƙuri. In ba ku ba su dariya ba, sun wuce."

Ta sa aka rufe tagogi, ta haska wani tsohon fim a bango. Tun daga kiɗan farko na gane shi. Faifan fim ɗin yana gidanmu, cikin akwatin da Baba yake ajiye takardun haihuwarmu.

Baba tela ne. Shi ya ɗinka wa 'yan fim ɗin kaya tun kafin a haife ni. Ranar da mai fitowa a likita bai zo ba, aka zura wa Baba farar riga. Minti uku ya yi, amma ba baƙon da zai zo gidanmu bai kalli minti ukun nan ba.

Sai ga shi a bango. Ya kalli kyamara, ya yi murmushi, ya ce wa matar da mijinta ya mutu, "Sai dai haƙuri." Aji ya kece da dariya, har da masu dukan tebur. Ni ma na yi, na ma fi kowa, don kada wani ya lura hancinmu ɗaya.

Sharhina na farko a kan kiɗa da haske na yi shi. Malama ta dawo mini da shi. "Wa kika rubuta wa wannan, kakata? Ina likitan da ya kashe ku da dariya?"

Na koma na rubuta. Na ce likitan nan ko mura ba zan kai masa ba. Na ce rigar ta yi masa yawa kamar an rataye ta a ƙusa. Abin haushin, maganganun zuwa suke da kansu.

Na fi kowa maki. Malama ta ɗora sharhin a shafin makaranta, da sunana a ƙasa. Kafin kwana uku ya zaga gari, har mai askin da ke maƙwabtaka da shagonmu ya karanta wa Baba a gaban mutane.

Na sami Baba a kan keken ɗinki yana ɗinka wuyan riga. Bai ɗago ba.

"An ce ke kika zo ta ɗaya."

"Baba, wallahi ni..."

"Rubutu ya yi kyau. Har ni sai da na yi dariya." Ya yanke zare da haƙori. "Amma maganar riga, ba ni aka auna ba. Wancan mutumin ƙato ne. A jikinsa daidai take."

Na tsaya ina jira ya yi faɗa, ko ya kore ni. Sai kawai ya ce in miƙo masa baƙin zare, kuma in gusa, na tare masa haske.

Ranar Litinin Malama ta kira ni ofis. Ta ce ina da baki, tana so in riƙa rubuta wa shafin irin wannan duk mako. Ta tambaye ni ko akwai matsala.

Na ce babu.