Ƙyallayen Mouna

Shekara goma sha huɗu ina ɗinka wa Alƙur'ani riga a Agege, kuma duk wanda ya san Hassana mai ƙyallaye ya san ƙa'idata guda ce: abin da jikin mutum ya taɓa sawa ba ya hawa littafin Allah. Sabon ƙyalle kawai, wanda ya faɗo daga bakin almakashin tela. Nakan bi shagunan teloli na gefen layin dogo in cika buhu, in dawo in zauna in haɗa atamfa da leshi da shadda, wannan mai kusurwa uku, wancan kamar kunnen akuya, in bi kowace gaɓa da zare mai launi. Ƙa'idar nan ba wani malami ne ya ba ni ita ba. Ni na ɗora wa kaina, kuma da ƙarfi nake faɗinta, don masu sayar da ta roba su ji haushi.

Gidan da nake haya ɗaki goma sha biyu ne, ƙofa na kallon ƙofa, igiyar shanya guda a tsakar gida. Bayan ƙaramar salla aka ba wasu mutanen Damagaram ɗakin ƙarshe, Idrissa mai gadi a wani kamfani da matarsa Mouna. Ba su da yaro. Ita ba ta shiga hira, ba ta aron ludayi, kuma a gida irin namu wannan kaɗai ya isa a sa wa mutum ido. Sai dai in na shimfiɗa tabarma na baje ƙyallaye, takan zo ta tsuguna gefe ta yi ta kallon hannuna.

Wata rana ta ce, "Yaya Hassana, kowane irin ƙyalle kike amsa?"

Na karanta mata ƙa'idar daga farko har ƙarshe, har da ƙari. Ta ce to, ta tashi.

Bayan mako guda ta kawo mini leda cike da ƙyallaye, an goge su sumul. Ta ce wani tela ɗan garinsu ne a Sabon Yaba ya ba ta, ita kuwa ba abin da za ta yi da su. Launukan sun yi mini: ruwan goro, kore mai ƙananan furanni, wani shuɗi mai ɗigo-ɗigo. Na sa su a riga tara cikin wata biyu, duk an saye, yawanci a nan layinmu. Kowace na gama, Mouna takan karɓa ta shafa, ta tambaye ni wa ya saya, kuma yana karatu kullum?

A leda ta uku ne hannuna ya fara gaya mini abin da idona ya ƙi gani. Ƙyallen tela yana da shaida. Za ki ga lanƙwasar hammata ko ta wuya, za ki ga layin alli, ga taurin sabon yadi. Na Mouna duk a miƙe aka yanka su, ba alli, kuma sun yi laushi irin na abin da ya sha wanki. Na ɗaga ɗaya a rana. A gefensa ga ƙananan huji sun jeru, inda aka farke tsohon ɗinki. Na shinshina, ƙamshin kafur na akwati. Raina ya ɓaci.

A cikin watannin nan kuma kaya sun fara ɓata a igiya. Zanin Fatu, maƙwabciyata mai sayar da burodi, ya yi ƙafa. Gyalen Alhaja mai gidan ma haka. Kafin zuwan mutanen ɗakin ƙarshe ba a yi wannan ba, ko dai an yi na manta. Biri fa ya yi kama da mutum.

Na tambayi Mouna sunan telan. Ta ce Habibou, amma ba ya zama wuri guda. Ban yi ƙasa a gwiwa ba, na hau danfo, ƙaramar bas ɗin haya, har Sabon Yaba, na bi teloli biyar. Ba wanda ya san Habibou mai ɗinki, sai wani Habibou mai tsire. Na dawo cikin cunkoso ina ta lissafin gidajen da na kai wa kayan sata suka lulluɓe Alƙur'ani da shi, da sunana a kai.

Gaskiya guda zan faɗa, don ba ta yi mini daɗi. Na san zanin Fatu, ja ne mai zanen agogo, kuma ko ƙyallensa ɗaya ban gani a ledar Mouna ba. Na ce wa raina ai ɓarawo ba igiya ɗaya yake sani ba.

Da yamma na kira Fatu gefe, na ce magana ce tsakanina da ita. Gaya wa Fatu sirri kuwa da ba wa mai shela duk ɗaya ne.

"I talk am!" in ji ta. "Tun ranar da suka zo na ce wannan shiru-shirun ba na Allah ba ne. Abeg, Anti, mu je wajen Alhaja."

Na ce ta dakata mu ƙara lura. Kafin magariba gidan duka ya ji.

Ranar Asabar da hantsi, Idrissa yana wurin aiki, Alhaja ta fito da carbinta ta tsaya ƙofar ɗakin ƙarshe, mata bakwai a bayanta. Bayarabiya ce, amma a Agege aka haife ta, Hausa ba ta yi mata wuya.

"Ole, ɓarawo, ba ya kwana gidana," ta ce. "In babu komai, buɗe mu gani. In akwai, yau za ku kwashe."

Mouna ba ta kalli Alhaja ba. Ni ta kalla. Na kau da kai na ce, "Ƙyallayen da kike kawo mini ba na tela ba ne. An taɓa sa su. Ki faɗa mana inda kike samowa."

Mouna ta matsa gefe. Ɗakin ba komai sai katifa, risho, da akwatin ƙarfe a kusurwa. Fatu ce ta ɗaga murfin.

Ba zani a ciki, ba gyale. Riguna ne ƙanana, na yarinya 'yar shekara takwas ko tara, an ninke su ɗaya kan ɗaya. Fatu ta ɗago ta farko, koriya mai ƙananan furanni, bayanta an yanke murabba'i biyu. Ta ɗago shuɗiya mai ɗigo-ɗigo, hannu ɗaya babu. A ƙasa akwai ƙaramin hijabi da ba a taɓa shi da almakashi ba.

"Na ɗiyata ne," in ji Mouna. "Nafissa. Bara da damina zazzaɓi ya ɗauke ta. Da safe tana lakwal wajen boko, da marece tana allo, izu shida ta kai. Kullum cewa take sai ta sauke kafin 'yan ajinsu." Ta kalli rigunan. "Da na ga aikinki na ce ko rigarta ta je inda ita ba ta kai ba. Na tambaye ki, Yaya. Kika ce abin da jiki ya sa ba ya hawa. Shi ya sa nike wankewa sau ukku, in kwance ɗinkin, in goge."

Jirgin ƙasa ya wuce, kwanon rufi ya yi ta rawa, muka tsaya kamar an dasa mu. Alhaja ta ce innalillahi, ta juya ta koma ɗakinta. Ni kunya ce ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na tsuguna zan taya ta ninke rigunan, ta janye akwatin daga gabana a hankali.

Na ɗauka abin ya ƙare a nan. Washegari da safe sai ga Fatu da rigar Alƙur'anin gidanta a hannu.

"Anti, no vex. Allah ya ji ƙan yarinyar. Amma kayan mamaci ne, kuma an sa a jiki. Ke da bakinki kika ce bai dace ba. Cire mini."

Na ce mata ba wani malami da ya ce haka, ni na ƙirƙiro. Ta ce shekara goma sha huɗu ina faɗa, yau ne zan canja? Kafin Laraba riga shida cikin tara sun dawo. Mutanen layinmu sun riƙe ƙa'idata fiye da yadda na zata, kuma kowa da maganata yake zuwa.

Na zauna da reza na farke su ɗaya bayan ɗaya, ina cike gurbin da sabon ƙyalle. Na tara na Nafissa, goma sha bakwai, na goge su, na ninke a cikin farin yadi. Na daɗe tsaye a ƙofar ɗakin ƙarshe kafin na yi sallama.

Mouna ta fito. Na miƙa mata, na fara cewa ta yafe mini, cewa ukun da suka rage suna nan a hannun masu karatu. Ba ta bari na gama ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta buɗe yadin, ta daɗe tana kallo.

"Sun koro ta ke nan," ta ce.

Ƙarshen wata suka kwashe zuwa Ikorodu. Mouna ta yi sallama da Alhaja, ta yi da Fatu, ta wuce ta gaban tabarmata da akwatin a ka.