Ranar da Na Ƙetaro da Sai-Gobe

Shekarar da aka rufe gadar da ta haɗa garinmu Malanbil da ƙetaren gulbi, dokinmu yana can ƙetare a Gaya, mijina yana kabari, ni kuma ina ɗaki ina takaba.

Ban iya zama wuri ɗaya ba. In fito tsakar gida, in koma ɗaki, in sake fitowa in tsaya gaban turken da babu kowa. Ɗiyata Bilki takan ce, "Inna, don Allah ki zauna, kin sa ni jiri." In na zauna, ƙafafuna ba su zauna ba.

Baban Bilki, wanda mutanen Malanbil ke kira Hamani mai doki, shi ya kai dokinmu Sai-Gobe Gaya don wata sukuwa da aka shirya cikin damina. Suna can aka rufe iyaka, sukuwar ma ba a yi ba. Can kuma zazzaɓi ya kama shi. Ya ƙetaro cikin jirgi kamar sauran mutane, ya bar dokin hannun abokinshi Na-Allah, ya ce in ya warware zai koma. Bai warware ba.

Sai-Gobe ba irin dawakinmu na nan ba ne. Uwarshi da ubanshi duk na Turai ne, irin waɗanda ake haifa don gudu kawai. Akawal ne, baƙi wuluk, dogo, siririn ƙafa. Wani alhaji na Yamai ya shigo da shi, bai jima ana sukuwa da shi ba jijiyar ƙafar gaba ta kumbura, aka ce ya gama. Lokacin Baban Bilki yana kai albasa Yamai. Ya gan shi ɗaure bayan gida, ƙudaje na bin idonshi, sai ya dawo da shi cikin motar da ta kai albasar. Ran da aka sauke shi, unguwa ta cika. Yayan mijina Halliru ya kewaya dokin, ya ce, "Hamani, wanga ko amalanken albasa ba shi ja."

Ni ɗiyar masunta ce, a Garu aka haife ni, na iya tuƙa jirgi tun kafin in iya tuƙa tuwo. Baban Bilki ya ce ƙafar da ba ta iya ɗaukar nauyi bisa ƙasa, ruwa zai ɗauke mata. Haka muka fara. Da safe mu sauka gulbi, ni gaban jirgi da filafilin tuƙi, shi baya riƙe da doguwar igiya, doki na iyo bayanmu. Matan da ke wanki bakin ruwa su riƙa cewa, "Zaituna, yau ma dorinarku za a yi wa wanka?" In ce, "Ku dai ku riƙe zannuwanku kada ta cinye."

Cikin ruwan nan muka gane halinshi. Dokin nan ba ya jure ganin abu gabanshi. Ba bin jirgi yake yi ba, so yake ya wuce shi. Don haka aikin mai tuƙi ya fi na mai igiya wuya. In na yi sauri, zai matsa wa kanshi har numfashi ya ƙare. In na yi sanyi, zai cim mana ya ɗora ƙafafu bisa jirgi ya kife mu. Ba na waiwayawa. Numfashinshi nake saurare, wani gurnani daga ƙasan ƙirji, in sa filafili daidai da shi.

Kumburin ya sauka kafin ruwa ya janye. Sukuwarshi ta farko a Gaya aka yi, Baban Bilki da kanshi ya hau, don shi mutum ne ɗan ƙarami marar nauyi. Da ya zo wuce na gaba, sai ya juya ya ce mishi, "Sai gobe!" Mutanen da ke bakin fili suka ji, sunan ya zauna. Daga nan ya ci Doso, aka ba su rago. Ya ci Kandi. Ya ci Kamba gaban mutanen Kabi, waɗanda suka zo da makaɗansu suka koma da ganguna a hammata. A Yamai ya wuce dawakan alhajin nan da ya yar da shi, aka ba su moto, wato babur. Sau ɗaya aka ce ya faɗi, shi ma majayin sirdi ne ya tsinke, maigida ya faɗo ya karye a kafaɗa. Dokin ya iso na farko babu kowa bisanshi, suka ce wannan ba a lissafa ta. Ni ban taɓa ganin sukuwarshi da idona ba. Labari ake kawo mini. Gulbi ne nawa.

Na-Allah ya kira ni ta salular Bilki. Ya yi gaisuwa, ya yi addu'a, sannan ya ce, "Matar abokina, ban so in ƙara miki, amma wanga doki kashe kanshi zai yi. Ya haƙa rami kewayen turke. Ya cije ni ga kahwaɗa. Ƙahwar nan kuma ta hwara tashi. Ji da kunnenki."

Ya miƙa salula kusa. Na ji kofato na bugun ƙasa, ya tafi, ya dawo, ya tafi, ya dawo. Na miƙa wa Bilki salularta na shiga ɗaki, na fito.

Da hantsi Yaya Halliru ya shigo. Shi ɗan kasuwa ne, tun da aka rufe gada kullum yana bakin ruwa yana lodin kaya. Ya tsaya ƙofar ɗakina ya ce, "Zaituna, zancen doki ya ƙare. Na yi magana da mai jirgin inji. Jibi a ɗaura mishi igiya, kamin a ce mi ya iso."

"Yaya, ba a sa shi bayan inji."

"Don mi?"

"Inji ba shi gajiya. Shi ko ba zai bari ba sai ya wuce shi. Tsakiyar gulbi zuciyarshi za ta tsaya."

"Shanu nawa na ga an ja haka?"

"Saniya ba ta taɓa cin Yamai ba."

Ya yi tsaki. "Ke da ke cikin takaba, mi ya haɗa ki da zancen jirgi? Ƙanena ne ya bari, ni ke da alhaki. Ki zauna ki yi mishi addu'a."

Ba mugunta ba ce. Shi ya wanke gawar ƙanenshi da hannunshi. Amma bai taɓa shiga jirgi tare da mu ba.

Na aiki Bilki wurin liman. Ta dawo ta ce ya ce mai takaba na iya fita da rana in akwai lalura, amma ta kwana ɗakinta, kada rana ta faɗi tana waje. Ta ce ta tambaye shi ko doki lalura ne, sai ya ce, "Ai rai ne." Na sa ta kira wana Issufu a Garu, ya zo da jirginshi washegari, kada ya gaya wa kowa.

Na fita da zanen takaba da mayafi, ba ɗan kunne, ba kwalli. Hanyar bakin ruwa ta yi mini tsawo. Mutane na gaishe ni suna sunkuyar da kai, in na wuce su ɗago. Bakin gulbi kuwa ya zama kasuwa: buhuna, moto bisa jirgi, mata da jarirai, masu inji na kiran fasinja, jandarma masu tsaron iyaka na tsaye gefe. Ruwa ya cika, ja wur, yana jan ciyawa da kututture.

Issufu ya dubi ruwan, ya dube ni. "Ƙanwata, wanga ruwa ba na wasa ba ne."

"Na gani."

"Rabonki da abincin kirki fa?"

"Ka zo tuƙi ko ka zo likita?"

Muka ƙetare. Na-Allah ya jawo dokin can sama da mashigar mutane, inda babu hayaniya. Ya rame ƙwarai. Haƙarƙari a waje, ƙafar gaba ta yi kamar taɓarya daga gwiwa zuwa ƙasa. Ya sunsuna mayafina, ya ɗaga kai ya dubi bayana. Ya daɗe yana duba. Na kama ragamar na ɗaura doguwar igiya.

Na gaya wa Issufu, "Igiya kawai za ka riƙe. Kada ka ja shi, kada ka yi mishi magana. In ya matso ka ce mini."

Dokin ya shiga ruwa ba gardama. Ƙasa ta ƙare ƙarƙashinshi, gurnanin nan ya fara, hannuna ya kama shi tun ban yi tunani ba. Ruwa na tura mu ƙasa, na bar shi ya tura, ina dai karkata hancin jirgi wajen gida. Muka wuce ciyawar bakin ganga. Muka shiga inda ruwa ke murɗawa. Kafaɗuna suka fara zafi, amma numfashinshi daidai yake, har na fara cewa a raina za mu isa.

Sai ga jirgin inji ya taso daga Gaya cike da mutane, ya bi ta gefenmu zai gangara ƙasa. Wani daga ciki ya miƙe tsaye ya yi ihu, "Kai! Sai-Gobe ne! Dokin Hamani ne!" Jirgin duka ya ɗauka. Suna tafi, suna kiran sunanshi, wata mata har da guɗa.

Na ji gurnanin ya canza kafin Issufu ya yi magana.

"Ya juya! Zaituna, ya juya!"

Igiya ta zare daga hannunshi, ta ɗauke mishi fatar tafi. Na waiwaya. Dokin ya miƙe kunnuwa ya bi bayan inji, tsakiyar gulbi, inda ruwa ya fi ƙarfi. Su kuwa mutanen suna ganin abin sha'awa ne, suka ƙara ihu. Na ɗaga filafili ina yi musu alama su yi shiru, suka ɗago mini hannu suna gaisuwa.

"Ɗauki hilahili!"

"Igiyar fa?"

"Bar igiya! Gabanshi za mu shiga!"

Ban san inda ƙarfin ya fito ba. Muka tuƙa mu biyu, ruwa na fantsama cikin jirgi. Inji ya yi nisa, amma shi bai bari ba. Kanshi da ke tsaye bisa ruwa ya fara sauka. Hanci ya nutse, ya fito yana fesar da ruwa, ya sake nutsewa. Muka zo daidai gindinshi. Muka zo daidai wuya. Na ga farin idonshi. Mayafina ya faɗa ruwa ya tafi, ban bi ta kanshi ba. Na danna filafili ta hagu da duk abin da ya rage mini, jirgi ya gitta gaban hancinshi har ya tare mishi ganin inji.

Ya yi wani kuka da ban taɓa ji ba, ya kawo wa jirgi duka. Kofato ya sami katakon baya, da ƙafar nan mai ciwo, Issufu ya kusa faɗawa. Amma yanzu mu yake gani. Mu yake so ya wuce.

"Kada ka yi sauri," na ce. "Bi hannuna."

Na saurara. Numfashin ya yi gajere, yana yankewa. Na rage tuƙi har ina jin zafin hancinshi kusa da jirgi, Issufu na ta salati. Kaɗan kaɗan na riƙa karkata mu wajen ganga, don in na juya gaba ɗaya zai sake hango inji. Gari ya wuce ta damanmu. Gada ta ɓace baya. Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Na dai ji filafili ya taɓa laka.

Can ƙasa muka fita, wajen gonakin shinkafa na hanyar Garu. Ya hau ganga da ƙafa uku, ya tsaya ruwa na zuba daga jikinshi, duk jikin na kyarma. Na tsaya kusa da shi. Wata mai dashen shinkafa ta kwance ɗankwalinta na biyu ta ba ni in rufe kai.

Labari ya riga mu isa gari ta bakin mutanen inji. Ba a daɗe ba sai ga Yaya Halliru bisa moto, yana tsalle cikin laka. Ya sauka da faɗa a bakinshi. Ya dubi hannun Issufu, ya dubi zanena, ya dubi dokin. Ya durƙusa ya shafa ƙafar. Ta yi zafi, ta rataye, kofato bai taɓa ƙasa ba sai da baki-baki.

"In aka koma sa shi ruwa, za ta sauka?" ya ce. "Kamar wancan karon?"

"A'a, Yaya. Wanga karon ya gama."

Ya miƙe. Sannan ya ɗaga kai ya dubi rana, ta riga ta karkata. "Hau moto in kai ki gida. Issufu ya jawo shi."

"Ba shi bin Issufu."

"Rana za ta hwaɗi kina hanya."

"To mu tahi."

Na kama ragama. Yaya Halliru ya kashe moto ya riƙa tura shi bayanmu. Dokin da ban taɓa iya riƙewa bisa ƙasa ba, ranar nan ni ke jiranshi. Ya yi taku kaɗan ya tsaya, in tsaya, inuwarmu na ƙara tsawo bisa hanya. Zuciyata na cewa gudu, ƙafarshi na cewa a'a. Muka wuce masu albasa suna kwashe kaya. Muka shiga gari shanu na dawowa. Mutane suka fito ƙofar gidaje, babu wanda ya kira sunanshi.

Bilki na tsaye bakin zaure tana duban yamma. Ladan ya gyara murya zai kira magariba lokacin da kofaton baya ya ƙetare dokin ƙofa.