Ranar da Bartel Mai Burodi Ya Hau Gadar Katako

A birnin Ghent, a saman shagon gyaran kekuna na kawun Staf, akwai wani ɗaki da mutum uku suke kira ofis ba kunya ba tsoron Allah. Tebur ɗaya ne a ciki, da kwamfuta ɗaya, da mage mai suna Minista, da wata tsohuwar kabad ta katako da aka ce a cikin ɗakin aka ƙera ta, shi ya sa ba ta fita ta ƙofa, ba ta kuma matsawa ko ƙarti goma za su taru a kanta.

Tun suna sakandare Wannes da Staf da Lieselot suke wasan nan na zama a tebur. Lieselot ce ke jan labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya riƙa magana da bakinsa. In an zo wurin haɗari sai a jefa ɗan lido mai fuska ashirin. Ashirin nasara ce, ɗaya kuwa halaka. Da suka girma, maimakon su bari kamar masu hankali, sai suka mai da abin sana'a. Duk mako su buga wasan, su rubuta abin da ya faru ya zama babi, su tura wa masu biyan kuɗin karatu ta intanet. Alkawarinsu ga masu karatu guda ɗaya ne, kuma shi ne jarinsu kaf: abin da ɗan lido ya faɗa shi ke nan, ba a sake jifa. Ta haka wani babban sarki ya mutu da ƙayar kifi a tsakiyar jawabinsa, ta haka kuma wani dodo mai hura wuta ya ƙare da auren mai karɓar haraji. Masu karatu kuwa kamar su lashe wayoyinsu don daɗi.

Mutumin Wannes a labarin shi ne Bartel Mai Burodi, wani gajeren ƙato mai gemu har cibiya, wanda ke yaƙi da katakon fitar da burodi daga tanda. Shi Wannes, a rayuwarsa, mutum ne da in an kawo masa abincin da bai ce a kawo ba zai cinye ya yi godiya. Gardama da direban bas ma ta fi ƙarfinsa. Amma da zarar ya zauna a teburin nan ya sauke murya ya zama Bartel, sai bakinsa ya buɗe, ya zagi sarakuna, ya yi wa mayu ba'a, ya yi cinikin gari da aljanu. Duk maganar da Wannes ya haɗiye cikin mako, Bartel ne ke amayar da ita ranar Asabar. Yana son wannan mai burodin fiye da yadda zai iya faɗa wa kowa.

Ranar Asabar ɗin da abin ya faru ana ruwa kamar kullum. Staf ya hawo da soyayyen dankali cikin takarda, mayonis har yana ɗiga a gwiwar hannunsa. A labarin, Bartel ya gama da ƙattai bakwai, yana komawa gida sanye da sulkensa na ƙarfe, faranti cike da burodi a ka. Sai ga wata agwagwa ta biyo shi da sara, gabansa kuma rafi ne mai zurfi da gadar katako guda.

"Wannan ba sai an jefa ba," in ji Lieselot. "Ya tsallake kawai, mu wuce wurin mayya."

"Ke kika ce katakon da santsi," Staf ya ce, bakinsa cike da dankali. "Santsi haɗari ne. Haɗari kuwa jifa ne. Ko yau doka ta tafi hutu?"

"To, komai ya fito ya tsallake, ban da ɗaya. In ɗaya ce ya faɗa, da sulken nan kuwa ba mai tasowa."

Wannes ya bugi ƙirji, ya sauke murya. "Ni Bartel, da na toya wa mutuwa burodi ta ce a ƙara mata, agwagwa ce za ta ba ni tsoro? Miƙo abin nan, yarinya."

Ya jefa da fankama. Ɗan lidon ya daki kwalbar giyar Staf, ya yi tsalle, ya dira ƙasa, ya gangara ya shige ƙarƙashin kabad.

A wasu teburan, jifar da ta faɗi ƙasa ba ta da lissafi. A nan tana da shi, kuma laifin Staf ne. Shekarun baya ya taɓa samun ashirin a ƙarƙashin kujera, ya kafe kai da fata har sai da aka mai da abin doka. Don haka Wannes ya kwanta rub da ciki, ya kunna fitilar wayarsa, ya cusa kai gwargwadon yadda kunnuwansa suka yarda. Can ƙurya, kusa da wata safa da ta ɓata tun zamanin kakar Staf, ɗan lidon na zaune daram. Ɗaya ce.

Ya rufe ido ya buɗe, ba ta canja ba.

"Nawa ne?" in ji Staf.

Babu mai iya ganin lambar sai Wannes, kan Staf ya yi girma, Lieselot kuma ba ta hangen nesa sai da tabarau, ta manto shi a gida. In ya ce sha huɗu, sha huɗu ce har abada.

"Mutumina, ka mutu ne a nan?"

"Ina dubawa," Wannes ya ce da 'yar muryarsa ta kullum.

Ya san daga jin muryar nan sun gane. Ya jira Lieselot ta fara karanto doka, don ita ce ta kashe sarkin nan da ƙayar kifi ko gezau ba ta yi ba, ita ce kuma ke cewa Bartel ya cika surutu, yana cinye mata rabin babi. Sai ya ji ta yi gyaran murya.

"Ka san ƙura tana ruɗa ido," ta ce a hankali. "Bakwai tana kama da ɗaya in ta sha ƙura. Ka duba da kyau, ba sauri muke ba."

"Kuma ƙasan ɗakin nan a karkace yake," in ji Staf. "Kawu ya sha faɗa. Abin da ya tsaya a karkace ai bai tsaya ba."

"A daidai yake," Wannes ya ce.

"Wa ya tambaye ka?"

Ya ji motsi a bayansa, sai ga fuskar Minista kusa da tasa. Staf ne ya ɗauko magen yana tura ta ƙarƙashin kabad ta gindi.

"Me kake yi haka?" in ji Lieselot.

"Ni? Ba komai. Mage ce ke yawonta. In ta taɓa wani abu da ƙafa, ai ikon Allah ne, babu dokar da ta hana."

"Ni taga nake kallo," Lieselot ta ce. "Ban ga komai ba."

Minista ta dubi ɗan lidon, ta dubi Wannes, ta zauna a kan safar ta fara lasar cinya. Wannan mage da ba ta taɓa barin kofi ko alƙalami ya zauna lafiya a tebur ba, yau ta zama mai kiyaye amana.

Wannes ya ci gaba da kwanciya, sanyin daɓe na ratsa masa ciki. Daɗi ya kama shi da baƙin ciki a lokaci guda, don bai taɓa sanin su ma suna son mai burodin ba. Ya gwada a ransa ya ce bakwai. Ya hango Asabar mai zuwa, ya zauna ya sauke murya ya ce shi Bartel ba ya tsoron komai, alhali su ukun sun san an ɗauko shi ne daga ƙasan rafi aka shanya. Bakin ba zai buɗe ba, ya san haka. Duk cika bakin Bartel yana da daɗi ne saboda ana iya kashe shi.

Ya ja da baya, ya miƙe zaune, yanar gizo-gizo a gira.

"Ɗaya ce."

"Kai dai ba ka da kirki," Staf ya ce, ya juya baya yana share hanci da takardar dankali.

Lieselot ta jawo kwamfuta, ta daɗe tana kallon farin shafi. "To aƙalla mu mutunta shi. A cire agwagwar. Mu ce wani dodon ruwa ne ya kama masa ƙafa, ya yi ta fama har..."

"Agwagwa ce ta bi shi."

"Wannes, shekara nawa mutumin nan yana yaƙi, ka ce a rubuta agwagwa ta kashe shi? Masu karatu za su cinye mu ɗanye."

"Su ci. Agwagwa ce, kuma ni zan rubuta. Tashi min daga kujerar nan."

Da siririyar muryarsa ya faɗa, ba ta Bartel ba. Lieselot ta dube shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba, sannan ta tashi.

Ya zauna ya fara bugawa da yatsu biyu, su kuma suna tsaye a kansa suna karantawa. Ya rubuta yadda ƙafar Bartel ta zame, yadda ya ƙi sakin farantin ya kama igiya don kada burodin ya jiƙe, yadda ya zagi agwagwar da uwarta da ƙwan da ta fito daga ciki kafin ruwa ya rufe gemun. Staf ya fashe da dariya hawaye na zuba. Lieselot ta ce a gyara waƙafi a layi na uku, sannan ta juya tana share ido.

Wannes ya buga jimlar ƙarshe: burodin suka taso saman ruwa ɗaya bayan ɗaya, da sauran ɗuminsu, agwagwa ta bi su tana ci.

Daga nan ya ture kwamfutar gefe, ya kifa kai a tebur ya yi kuka sosai. Staf ya rasa abin yi da hannuwansa, sai ya dafa masa kafaɗa, ya bar masa shatin mayonis a riga.