Maruƙa Biyu a Garken Kailu

Shanu huɗu ne a bayan gidan Kailu, can kusa da Tabla, kuma biyu daga cikinsu ba nashi ba ne. Jar saniyar ta matarsa Mairama ce, gadon mahaifinta. Farar kuwa ta yayarsa Albarka ce, wadda take aure a Yamai, ta bar masa kiwo. A daminar nan duka biyun suna da tsohon ciki.

Ranar kasuwar Filingue Kailu ya tafi sayen dusa, Mairama kuma ta wuce gona noman hatsi. Da la'asar ya dawo ya tarar da ita tsaye bakin garke da hauya a kafaɗa, ko sannu da zuwa ba ta yi masa ba. Shanun sun haihu ba kowa a gida. Ga maruƙa biyu a jiƙe, mace da namiji, dukansu baƙi-baƙi kamar bajimin maƙwabci da ya hau uwayensu. Macen tana tsotson jar saniya, farar tana lasar bayanta. Namijin yana tangaɗi tsakaninsu, duk wadda ya kusanta sai ta miƙa masa harshe.

Kailu ya tambayi wace ta haifi wane. Mairama ta ce haka ta ishe su.

Bai gama zagaya garken ba salularsa ta yi ƙara. Albarka ce, wata ƴar maƙwabta ta riga ta kai mata labari.

"Mi ta haihwa, Kailu? Mace ko namiji?"

"Yaya, ta dai haihu lahiya."

Ta maimaita tambayar. Ya ce ba ya jin ta sosai, ya kashe.

Maraƙa mace ita ce garken gobe, namiji kuwa na kasuwa ne, kowa ya san haka. In Kailu ya ce macen ta Mairama ce, za a ce ya cuci ƴar'uwarsa. In ya ce ta Albarka ce, da matarsa yake kwana gida ɗaya.

Washegari maƙwabcinsa Zaidu ya ce a ware maruƙan har su ji yunwa, sannan a sake su, kowane zai nemi uwarsa. Aka yi haka. Macen ta ruga wurin farar. Kailu ya ji sanyi a ransa, amma Zaidu ya ce a sake gwadawa don a tabbata. Da yamma sai ta nufi jar, namijin ya bi ta, farar ta tsaya tana kuka. Likitan bisashe da ya zo rigakafi ya duba cibiyoyi da hantsa, ya ce shanun lafiya lau suke, sauran kuma Allah ne masani.

Cikin makon Albarka ta iso a motar kasuwa. Ta daɗe tana kallon garken, sannan ta ce namijin nata ne, ta gane goshin uwarsa. Kailu ya duba goshin, bai ga komai ba. Ya zaci magana ta ƙare ke nan, sai Mairama ta ajiye ƙwaryar da take riƙe da ita.

"Yaya, ba ni amsar kyauta da sunan rabo. In tausayina kike ji, ki ɗauki macen."

Albarka ta rantse ba tausayi ba ne. Mairama ta ce ita ma goshin jar saniyarta take gani a namijin. Kailu, wanda ya kwana uku yana shirin raba rigima kan macen, ya tsaya yana kallon mata biyu suna jayayya kan namiji, ya rasa bayan wa zai bi.

Bayan azahar suka shiga ɗaki su biyu, suka bar shi a tsakar gida. Da suka fito Albarka ta yi masa bayani: namijin na su biyu ne, macen ma haka, haihuwar farko da macen za ta yi ta Mairama ce, sai dai in namiji ne. Ya tambayi to in namiji ne fa. Suka ce sun gama wannan maganar tsakaninsu.

Ya raka yayarsa bakin hanya ta hau mota. A hanyar dawowa Zaidu ya tare shi ya tambayi yadda aka ƙare. Kailu ya fara bayani, ya kai tsakiya ya ruɗe, ya ce masa ya bari sai ya sake tambayar Mairama.