Biyar ga Nuwamba

Tana cikin gwada manhajar da ta rubuta, mai ɗauko bayanai daga asibiti zuwa ofishin rajistar mamata, sai ta janye hannunta daga kan kwamfutar. Mutum tara ne a jerin, amma ranakun mutuwarsu duk suna gaba, ba su zo ba tukuna. Wani Yuli, wani Satumba, kuma dukkansu ranar biyar ga wata. Yau kuwa sha ɗaya ga Mayu.

Babu sunaye, sai lambobin kati. Ta ƙarshen ce ta tsayar da ita cak, don ta haddace ta kamar lambar wayarta. Katin Babanta ne, wanda ke kwance a asibitin kwana takwas ke nan. Da safen nan ma ta baro shi yana mita wai shayin ya huce. Ga shi an rubuta: biyar ga Nuwamba, tara da minti arba'in na safe.

Tsoro ya kama ta sosai. Ofishin shiru, sai fankar sama da ke ƙiiƙii.

"Dogo," ta kira abokin aikinta. "Zo ka gani, don Allah."

Ya turo kujerarsa, ya leƙa, sai ya fashe da dariya.

"Kai, Injiniya! Yau kuma boka kika ƙera mana? Ba na ce ki nemi su turo shekara, wata, sannan rana ba? Kika ce ai duk ɗaya ne. To asibiti rana suke fara rubutawa, manhajarki kuma tana ɗaukar lambar farko a matsayin wata. Juya su kawai ta yi. Inji ina ya san gaibu?"

Ta sauke ajiyar zuciya, har ta taya shi dariya. Wallahi ta ji kunyar kanta.

"Kawo in gyara miki, layi ɗaya ne," in ji shi. "Kin ga wannan na ƙarshen, biyar ga watan sha ɗaya. In an juya ya zama sha ɗaya ga watan biyar. Au, ashe ma na yau ne."

Ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Goma da kwata.

Dogo ya miƙa hannu zai danna, ta riƙe masa hannun riga.

"Tsaya," ta ce a hankali. "Bar min shi a Nuwamban tukuna."