Awon Fatalwar Ɗaki na Tara

Daren jiya wani mafarki na yi, har yanzu ina juya shi a raina.

Sai ga ni tsaye a ƙofar wani tsohon gidan yari da rana tsaka, tef ɗin awo rataye a wuyana, don ni tela ne. Gandirobobi uku na zaune a waje a kan benci. Ɗayansu ya ce mini shekararsu goma sha ɗaya suna roƙon a bar su su shiga aiki, fursunoni sun kulle daga ciki. Na yi musu jaje, na tura ƙofar, ta buɗe.

A tsakar gidan ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsirowa ya nufi sama. Kowa ya shimfiɗa lemarsa a ƙasa ya taka.

Fim ake ɗauka. Daraktan bunsuru ne, fari, sanye da tabarau, yana zaune a kan turmi. Kyamararsu waya ce guda ɗaya mai tsagaggen gilashi, an ɗaure ta a jikin taɓarya. Jinin da za a yi aiki da shi zoɓo ne a bokiti, ma'aikata kuma sun riga sun sha rabi.

"Kai ne telan?" in ji bunsurun.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Fim ɗin ban tsoro muke yi. Saura fitowa ɗaya, ta ƙi." Ya yage shafi daga takardar labarin ya hau tauna.

Na tambaye shi yadda labarin yake. Ya ce farkon ya cinye shi tun makon jiya, ƙarshen kuma ya ajiye na karin kumallo.

Wata mata mai suna Ladiyo, wadda ke riƙe da makirufo a kan doguwar gora, ita ta yi mini bayani. Ba su da halin ciyar da 'yan wasa, shi ya sa suka ɗauki fatalwowin gidan, tunda ba sa cin abinci. Ƙa'idar ita ce, duk fatalwar da ta sa wani ya yi ihu, an sallame ta. Duka sun fita, saura ta wani mutum a ɗaki na tara.

"Ladabi ya yi masa yawa," ta ce. "Da an kunna waya sai ya fara gaisuwa. Darakta yana ganin laifin tufafi ne, shi ya sa aka kira ka."

"In bai tsorata kowa ba fa?"

"Cajin wayar ya kusa ƙarewa. In ta mutu, a nan zai tabbata."

Muna cikin wani dogon lungu. Na riƙa leƙa ɗakunan don in ga me ke ciki. A na huɗu kogi ne, da kwalekwale a ɗaure. A na shida kotu ke zama. Alƙalin kunkuru ne, yana karanta layin farko na wata ƙara. Ladiyo ta ce tun zuwansu yake kan layin.

A ɗaki na tara wani dattijo na zaune a kan tabarma, tabarmar kuma ba ta taɓa ƙasa ba. Ƙafar keke ce a hannunsa, yana ɗaure mata wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Tun kafin ya ɗago na gane ƙeyarsa. Kawu Jatau ne, ƙanin mahaifiyata, mai gyaran keke. An kama shi a wata rigimar iyakar gona, ya rasu yana jiran shari'a shekara tara da suka wuce. Ban taɓa zuwa duba shi ba.

"Hambali, kai ne? Yaya gida? Yaya ƙafar Yaya?"

"Da sauƙi, Kawu. Awo aka ce in yi maka."

Na ɗora tef a kafaɗarsa, ya ratsa ta ciki ya faɗi. Na sake, ya sake faɗuwa.

"Auna inuwar," ya ce. "Ita ta fi ni jiki yanzu."

Inuwar tana tsaye a jikin bango, ta ware hannuwa tana jira. Na auna ta. Kafaɗa sha takwas, tsawo hamsin da huɗu. Da na kai tef hammatarta sai ta noƙe, ashe tana jin cakulkuli.

Sai ga mu duka a ɗakin, har da turmin. Ba lokacin ɗinki, aka yafa wa Kawu zanen gado mai furanni. Aka kunna maganin sauro don a samu hayaƙi. Darakta ya ce ni zan fito a sabon fursuna, tunda ina wurin.

"A fara," ya ce.

Kawu ya taso a hankali, ya ɗaga hannuwa kamar yadda aka koya masa. Ya dubi wayar.

"Sannunku da aiki," ya ce.

Bunsurun ya cire tabarau ya tauna hannun tabarau ɗin ɗaya. Aka sake. A karo na biyu Kawu ya ba Ladiyo haƙuri saboda ya taka mata inuwa. Na so in yi ihun ƙarya in cece shi, amma Ladiyo ta ce makirufon ba ya ɗaukar ƙarya. Ta leƙa wayar ta ce numfashi ɗaya ya rage mata.

Kawu ya sauke hannuwansa. Bai ƙara kallon wayar ba, ni ya kalla.

"Hambali, shaddar nan da na kawo maka, mai ruwan ƙasa. Ka ce in dawo ranar Laraba."

Mako guda kafin a kama shi ya kawo ta. Na ninke na sa a ƙasan akwati, ko almakashi ban ɗora mata ba. Duk ranar da na yi niyyar zuwa duba shi, sai in ji kunyar zuwa babu rigar, in ce sai na ɗinka. Haka har aka aiko mana da labarin rasuwarsa.

Babu faɗa a muryarsa. Ya juya ga Ladiyo.

"'Yar nan, yau wace rana ce?"

"Laraba ce, Baba."

Ya miƙo mini hannu biyu, kamar mai karɓar kaya.

Ban san lokacin da ihun ya fita ba. Na dai ga ya bi gorar ya shige makirufo, har gorar ta lanƙwasa.

"Ya yi," in ji bunsurun. Wayar ta mutu.

Muna bakin babbar ƙofa. Kawu ya ninke zanen gadon ya mayar wa masu shi, ya gode wa kowa da sunansa. Ya fita yana gara ƙafar kekensa, gandirobobi suka miƙe suka sara masa. Ya yi ɗan nisa, ya waiwayo.

"Kada ka matse wuyan," ya ce.

Na buɗe baki zan amsa, sai ƙafar keken ta fara ƙara, tana ƙaruwa, har ta cika mini kunne.

Injin markaɗen maƙwabta ne, an tayar da shi. Gari ya waye, matata na ta kiran a miƙo mata robar wake. Na laluba ƙarƙashin matashi na samo alli, na rubuta a bango kafin su gudu: sha takwas, hamsin da huɗu.